Sayar da Kamfanin Jiyya a Gida a Amurka: Wa Ke Gādon Lasisi?



A Amurka akwai kamfanoni masu aika ma'aikatan jiyya gidajen tsofaffi da marasa lafiya, su wanke miki, su koya wa mai shanyewar jiki tafiya. Babban rabon kuɗinsu daga Medicare yake fitowa, watau inshorar lafiya ta tsofaffi wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1965. Irin wannan kamfani ba shi da wani gini na a-zo-a-gani. Dukiyarsa takardu biyu ce: lasisin jiha, da yarjejeniyar da ke ba shi ikon karɓar kuɗin Medicare. Lasisin jiha ba zan daɗe a kansa ba, domin a jihohi da dama mai saye nasa yake nema sabo.

Yarjejeniyar ita ce wurin gardama. In mai saye ya karɓe ta, to, ya karɓa har da bashin da ke kanta. A 1994, a shari'ar Vernon Home Health ta jihar Tekzas, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce lalle mai saye ya mayar da rarar kuɗin da aka biya mai sayarwa, ko da yake bai ci ko anini ba. In kuwa ya ƙi ta, sai ya koma sahun sababbi, ya jira masu bincike su zo. Kafin nan Medicare ba ta biyansa, ga albashin ma'aikata, ga majiyyata kwance suna jira. A ganina kotun ta yi daidai, domin in ba haka ba, kowane mai bashi sai ya sayar wa ƙaninsa kamfani ya huta.

Sa'an nan akwai 'yan kayi-nayi, masu buɗe kamfani don su sami yarjejeniya kawai, su sayar da ita ga wanda bincike zai kayar. Saboda su ne aka kafa ƙa'idar wata 36 a 2010: in mafi yawan hannun jari ya sauya hannu kafin cikar shekara 3 da yin rajista, yarjejeniyar ba ta bin mai saye, sai bisa wasu 'yan dalilai kamar rasuwar mai kamfanin. A 2024 aka faɗaɗa ƙa'idar ta haɗa da kamfanonin da ke kula da masu ciwon ajali.