Zuciyar Mace da Ciwon Suga: Abin da Bincike Ya Gano, da Abin da Ƙungiyarmu Za Ta Iya Yi

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya, ma'aikaciyar jinya kuma ungozoma, ta gabatar a bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya a Kongolam



Hajiya Shugaba, iyayenmu mata, yayyena da ƙannena 'yan ƙungiya, mazajenmu da suka bar harkokinsu suka zo taya mu murna, da baƙinmu na Mai'adua da Daura da na tsallaken iyaka, ina yi wa kowa barka da zuwa. Mun gode wa Allah da ya sake nuna mana wannan rana.

Ma'aji ta karanta mana lissafin kuɗi, mun ji riba, mun ji bashin da ya dawo da wanda bai dawo ba. Ni kuma an ce in yi magana a kan jarin da ba ya shiga littafi, wato lafiyar mai neman kuɗin. Duk cikinmu babu wadda ba ta san gidan da aka sayar da tumaki da keken ɗinki saboda jinyar shanyewar ɓarin jiki ba. Ciwo ɗaya yana cinye adashen shekara biyar. Shi ya sa na zaɓi ciwon zuciya da ciwon suga, in kawo muku abin da likitoci suka gano a 'yan shekarun nan, har da wanda aka gano a kan matan Arewa.

Bari in fara da yadda cututtukan nan biyu suke da alaƙa. Idan suga ya yi yawa a jini ya daɗe, yana cin bangon jijiyoyin jini a hankali, kamar yadda ruwa ke cin gindin katangar ƙasa. Jijiyar ta yi kaushi, kitse ya taru a ciki, hanya ta ƙuntata. In hawan jini ya haɗu da shi, to ɓarnar ta ninka. Jijiyar zuciya ta toshe, shi ne bugun zuciya. Ta ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Ƙoda da ido da ƙafa su ma haka suke lalacewa. Don haka mafi yawan masu ciwon suga ba sugan ne kai tsaye ke ajalinsu ba, zuciya ce da jijiyoyi.

Ga wani abu da ya shafe mu mata. Wani nazari da aka fitar a 2014, wanda ya tattara bincike da dama na ƙasashe daban-daban, ya nuna cewa ƙarin haɗarin ciwon zuciya da suga ke jawo wa mace ya fi wanda yake jawo wa namiji da fiye da kashi 40 cikin 100. Kun ga ashe ba ciwon Alhazai masu tumbi ba ne kawai, kamar yadda muke ɗauka.

Kuma ciwon ba ya sallama. Alƙaluman da aka fitar a 2024 sun nuna manya sama da miliyan 800 ne ke da ciwon suga a duniya, ninki huɗu na yawansu a 1990. A nahiyarmu ta Afirka, fiye da rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a rahotonta na 2023 kusan rabin masu hawan jini ba su san halin da suke ciki ba. Mace tana daka, tana surfe, tana zuwa kasuwar Mai'adua ta dawo, alhali jininta ya haura 160. Ba ciwon kai, ba jiri. Sai ranar da ta faɗi a ce jifa ne ko iska.

Yanzu mu dawo gida, mu yi maganar jego. Akwai wani ciwon zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Naman zuciyar ya saki, ya kasa tura jini yadda ya kamata. Alamominsa su ne haki ko da ba a yi aikin kirki ba, kumburin ƙafa da ciki, tari cikin dare, da kasa kwanciya sai an tara matasan kai. Arewacin Nijeriya na cikin wuraren da wannan ciwo ya fi yawa a duk duniya. Binciken Sakkwato da na Kano sun samu kusan mace ɗaya a cikin kowace haihuwa 100 a asibitocin da aka duba.

Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka rubuta a kansa, suka danganta shi da wankan jego da kwanciya kan gadon wuta da kunun kanwa. Haka aka tafi shekara da shekaru. Sai Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranci wani babban bincike mai suna PEACE a asibitocin sassan ƙasar nan, aka duba mata sama da 400 masu wannan ciwo, aka fitar da sakamako a 2020. Mafi yawan matan daga yankinmu na Arewa maso Yamma suke. Abin da ya fito fili a binciken shi ne rama da ƙarancin abinci mai gina jiki, rashin sana'a, rashin karatu, da hawan jinin masu ciki. Wankan ruwan zafi bai fito a matsayin babban dalili ba. Sun kuma samu cewa da yawa daga masu ciwon suna da ƙarancin wani sinadari a jini mai suna siliniyam, kuma ana ci gaba da bincike a kan haka. Cikin waɗanda aka bi diddiginsu, kusan ɗaya cikin biyar ta rasu kafin a cika shekara biyu.

Iyayena, ku lura da kyau. Ban ce a koma zuba kanwa da cokali ba. Kanwa 'yar uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, tana ɗora wa zuciya kaya, kuma mai hawan jini ko mai kumburi ba ta da haɗi da ita. Abin da nake cewa shi ne, yunwa da talauci da rashin zuwa awo su ne manyan abokan gaba. Ƙungiyar da ta ba mace jari, ta sa ta iya sayen wake da ƙwai da nono tana da ciki, wallahi aikin lafiya take yi ko ba ta sani ba. Kuma in mai jego ta fara haki ƙafarta ta kumbura, kada a ce sanyi ne ya kama ta a ƙara mata wuta. A sa ta a mota a kai ta asibiti a ranar.

Abu na biyu, ciki gwaji ne da ke nuna abin da ke tafe. Macen da suga ya hau mata tana da ciki, ko da ya sauka bayan ta haihu, haɗarin ta kamu da ciwon suga nan gaba ya ninka na sauran mata sau bakwai ko fiye. Wadda ta yi hawan jinin masu ciki, mai kai wa ga jijjiga, haɗarin ciwon zuciya gare ta ya ninka kusan sau biyu a shekarun da ke gaba. Haka wadda ta haifi jariri mai nauyin kilo 4 ko fiye, ya kamata a duba sugarta. Mu kan ce an haihu lafiya, shi ke nan, a jefa katin awo ƙarƙashin katifa. Don Allah a adana katin nan. Bayan arba'in a koma a auna jini a auna suga, sannan a riƙa maimaitawa duk shekara.

Abu na uku, tukunyarmu. An yi wani bincike mai suna SIREN a Nijeriya da Ghana, ƙarƙashin Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan, har da asibitocin Kano da Zariya a ciki. Aka kwatanta mutum sama da 2,000 da suka samu shanyewar ɓarin jiki da wasu masu yawansu da ba su samu ba, aka buga sakamakon a 2018. Hawan jini ne ya zo kan gaba nesa ba kusa ba. A cikin sauran dalilan akwai ciwon suga, teɓa, yawan cin nama, barbaɗa gishiri a kan abinci bayan an sauke, rashin motsa jiki, damuwa, da ƙarancin cin ganye. Ku ji fa, ƙarancin cin ganye. Mu da Allah ya ba zogale da rama da tafasa da yakuwa da alayyafo, amma muka mayar da kwaɗo abincin wanda ya rasa yadda zai yi.

Game da gishiri, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye a burodi da taliyar leda da kilishi da yaji. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. A ƙasar Sin an yi gwaji a ƙauyuka 600, mutum kusan 21,000, aka ba rabinsu gishirin da aka rage wa ƙarfi aka gauraya da sinadarin fotasiyam. Da aka fitar da sakamako a 2021, shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100, mutuwa ta ragu da kashi 12. Irin wannan gishiri bai dace da mai ciwon ƙoda ba, amma darasin a bayyane yake: abin da hannun uwargida ke jefawa a miya yana taɓa lafiyar gida gaba ɗaya. A rage dunƙule, a ƙara daddawa da citta da tafarnuwa da albasa. Mako biyu zuwa uku harshe ya saba.

Shi ma suga ana iya tare shi tun bai shigo ba. A garin Da Qing, nan ma a Sin, an ɗauki mutum 577 da sugarsu ya fara hawa a 1986, aka koya wa wasu gyaran abinci da motsa jiki na shekara shida. Bayan shekara 30 aka duba, sai aka ga waɗanda suka bi tsarin sun jinkirta ciwon da kusan shekara huɗu, kuma mutuwa ta dalilin zuciya ta ragu a cikinsu da kusan kashi ɗaya cikin uku. A Amurka ma an samu cewa rage ɗan nauyi da tafiya ta minti 30 sau biyar a mako sun rage kamuwa da kashi 58 cikin 100. A wurinmu gyaran yana nufin rage lemon kwalba, rage cokulan sukari a shayi da zoɓo da fura, da komawa ga gero da dawa da wake maimakon farar shinkafa safe da dare.

Sai magani. Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranci gwaji a ƙasashen Afirka shida, aka buga a 2019, wanda ya nuna cewa ga baƙar fata, haɗin magani biyu da ke da amlodifin a ciki ya fi sauke jini. Maganin nan ana samunsa a garuruwanmu, kuma yana cikin masu sauƙin kuɗi. Akwai kuma sabon rukunin maganin suga da ke fitar da sugan ta fitsari. A 2015 aka gano ɗaya daga cikinsu ya rage mutuwa ta dalilin zuciya da kashi 38 cikin 100 ga masu suga da ke da ciwon zuciya, a 2019 kuma aka ga irinsa yana taimaka wa masu raunin zuciya ko da ba su da suga. Yana da tsada har yanzu, kuma likita ne kaɗai zai ce ya dace da ke ko bai dace ba. Kada wadda ta je kemis ta ce na faɗa.

Babbar matsalarmu dai ba rashin sabon magani ba ce, yanke tsohon ne. Mace ta sha wata ɗaya, ta ji sauƙi, ta ajiye. Ko kuɗi ya yanke, ko mai tallan magani a lasifika ya ce nasa yana warkar da suga kwata-kwata cikin kwana bakwai. 'Yan uwa, hawan jini da suga riƙe su ake yi, kamar akuya mai ɓarna, ranar da kika saki igiya ranar za ta shiga gona. Mai suga kuma ta ga likita kafin azumi ya kama, a gyara mata lokacin sha da yawan magani.

To, me nake roƙo? Abu uku, kuma ina so a sa su cikin abin da za a yanke a taro mai zuwa.

Na ɗaya, ƙungiya ta sayi na'urar awon jini da ta awon suga. Kuɗinsu duka bai kai na tunkiya ɗaya ba. A koya wa mata uku ko huɗu, duk ranar zubi a auna kowa kafin ta ba da kuɗinta, a rubuta a littafi. Wadda jininta ya kai 140 bisa 90 sau biyu, ko sugarta ya kai 126 da safe kafin ta ci komai, a tura ta asibiti.

Na biyu, a ware wani ɗan kaso daga riba a yi asusun magani, rance marar ruwa, don kada wata cikinmu ta yanke magani saboda kasuwa ta yi sanyi.

Na uku, duk 'yar ƙungiyar da ke da ciki ko take jego, a haɗa ta da mutum biyu da za su riƙa leƙa ta, su raka ta awo, su tabbatar ta koma bayan arba'in. A kuma ajiye lambar direban da za a kira cikin dare in ta kama a tafi Daura.

Ku kuma mazajenmu, izini da kuɗin mota suna hannunku. In iyali ta ce ƙirjinta ya yi nauyi, ko numfashinta na sama-sama, ko ciwo na tafiya zuwa haɓa da kafaɗa da baya tare da zufa da tashin zuciya, kada a ce olsa ce a jira gari ya waye. In baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, awannin farko su ne komai. Ku ma ku zo a auna ku, na'urar ba ta mata kaɗai ba ce.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun haɗa kai mun samu jari, mun sa yara makaranta, mun aurar da 'ya'ya. Wannan ma za mu iya, in sha Allahu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu cikin 'yan ƙungiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sauki masu ciki lafiya, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya maimaita mana baɗi da baɗin baɗaɗa.