Golf Ba Wasan Hutu Ba Ne: Yadda Ɗan Wasan Sha'awa Zai Kula da Jikinsa

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu a Tambuwal)

Mai girma shugaban taro, iyayenmu malamai waɗanda suka sha wahala da mu muna yara, shugabannin ƙungiya, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa. Kafin in ce komai, ina roƙon Allah Ya jiƙan malamanmu da abokan karatunmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya kyautata namu ƙarshe.

Lokacin da sakatare ya sanar cewa zan yi magana a kan wasan golf, na ji wasu daga can baya suna dariya, har wani ɗan ajinmu yana cewa yaushe mutumin Kebbe ya bar langa ya koma wasan Turawa. To, gaskiyarsa. Wasa ne da ya samo asali daga ƙasar Sikotilan, Turawa kuma suka kawo mana shi. An buɗe filin Rayfield na Jos a 1913, na Kaduna a 1921, sa'an nan filin IBB na Abuja a 1991, akwai kuma filaye a Kano da Zariya. Ni ba gwani ba ne, kuma ban taɓa cin ko kwabo da shi ba. Ɗan sha'awa ne kawai, wanda likita ya kora fili bayan ya auna jininsa ya ga ya hau.

Bari in fara da abin kunyata. Wata uku da fara wasa, wata Asabar na makara, na fito daga mota kai tsaye na ɗauki sanda mafi tsawo, na kai wa ƙwallo duka da iyakar ƙarfina don in burge abokai. Ƙwallo ba ta yi nisa ba, ni kuwa na ji bayana ya riƙe kamar an ɗaure shi da igiya. Mako uku ina salla a zaune. A nan na gane cewa ba a shiga golf don a sami lafiya kurum, sai an tanadi lafiyar da za a yi wasan da ita.

Abu na farko shi ne tafiya. Cikakken wasa rami 18 ne, mutum zai yi kusan awa huɗu a tsaye, ya taka abin da ya kai kilomita bakwai ko fiye. Wanda bai saba ba, daga rami na goma sha biyu ƙafafunsa za su yi nauyi, bugunsa ya lalace, a lokacin ne kuma aka fi jin rauni. Maganin wannan shi ne tafiya da sauri ta minti 30, kwana biyar a mako. Idan aka haɗa ya zama minti 150, wato mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar su yi a kowane mako. Saurin da ake so shi ne wanda mutum zai iya magana amma numfashinsa ya ɗan ɗaga.

Abu na biyu shi ne ƙugu da gadon baya. Bugun golf murɗa jiki ne, ƙarfinsa kuma daga ƙafafu da ƙugu yake tasowa, hannu isar da shi kawai yake yi. Mu da muka shekara talatin a kan kujerar ofis ƙugunmu ya ƙage, saboda haka idan aka zo murɗawa sai nauyin ya faɗa kan ƙasan baya. Shi ya sa ciwon baya ya fi kowane ciwo damun 'yan wasa irinmu. Ko Tiger Woods, duk da likitocinsa, an yi masa aiki a baya sau da dama, har aka haɗe masa ƙasusuwa biyu na gadon baya a 2017, kafin ya dawo ya ci gasar Masters a 2019. Abin da nake yi kwana biyu a mako ba ya bukatar kuɗi. Ina ɗora sanda a kafaɗa kamar makiyayi, in juya dama da hagu a hankali sau goma-goma. Ina tashi daga kujera in zauna ba tare da dafa komai ba sau goma, in huta, in sake. Sa'an nan in yi rub da ciki in dogara da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe, na daƙiƙa ashirin zuwa talatin. Wanda ya ji zafi mai suka ya dakata, wannan ba horon malamin wasanni ba ne.

Abu na uku, a ɗumama jiki kafin bugun farko. Minti goma sun isa: ɗan zagaye da ƙafa, juya kafaɗu, sa'an nan a fara da gajerun sanduna da rabin ƙarfi kafin a kai ga dogaye. Haka kuma a lura da gwiwar hannu. Ƙasarmu da rani tauri gare ta, duk lokacin da sanda ta daki ƙasa girgizar tana hawa har gwiwa, musamman ga mai damƙe sanda kamar zai sari icce. A sassauta riƙo, kuma idan gwiwa ta soma ciwo a ba ta hutu.

Abu na huɗu ya fi shafarmu mu mutanen Sakkwato, wato rana. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40. A irin wannan lokaci a fita bayan asuba ko bayan la'asar, a sa hula mai baki, a riƙa kurɓar ruwa a kowane rami ba sai an ji ƙishirwa ba. Fitsari in ya yi duhu, ruwa ya yi ƙaranci a jiki. Wanda ya ji jiri ko ciwon kai ko tashin zuciya ya nemi inuwa nan take, wanda kuwa ya fara ruɗewa a jiƙa shi da ruwa a garzaya da shi asibiti. Da azumi ni rami tara kawai nake yi dab da magariba, wata rana ma in haƙura. Mai hawan jini ko ciwon sukari ko ciwon zuciya ya ga likita kafin ya fara, mai shan maganin sukari ya riƙe dabino a aljihu, kuma duk wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure kada ya ce bari in ƙarasa ramin nan.

Na biyar, abin da ake ci bayan wasa. Na ga mutanen da za su taka kilomita bakwai, su zauna su shanye lemun kwalba uku da tsire tuli, su ce sun motsa jiki. Ruwa da fura da nono marar sukari da 'ya'yan itace sun wadatar.

Shin wahalar tana da riba? A 2008 masu bincike na Cibiyar Karolinska a ƙasar Suwidin sun fitar da sakamakon nazarin da suka yi a kan 'yan golf fiye da 300,000, suka ga yawan mutuwa a cikinsu ya gaza na sauran jama'a da kashi 40 cikin ɗari. Lalle yawancin masu wasan masu hali ne, wannan ma yana taimaka musu, kuma rai a hannun Allah yake. Amma tafiyar awa huɗu tana da nata rabo a ciki. Shekaru ma ba su hana ba, domin Phil Mickelson yana da shekara 50 ya ci gasar PGA a 2021.

Na san wani zai ce ai babu filin golf a Tambuwal ko Kebbe. Haka ne, amma cikin abubuwa biyar da na lissafa babu wanda yake bukatar fili. Hanyar gona tana nan, hanyar fadama tana nan, masallacin da muke hawa babur mu je shi ma ana iya taka masa da ƙafa. Mu ne fa muke gudun zagaye gari da sanyin hunturu muna ɗalibai, yau kuwa hawa bene ɗaya sai mun tsaya hutu. Kowace shekara sunayen da ake karantawa a yi musu addu'a ƙaruwa suke yi, kuma sau da yawa sai mu ji an ce hawan jini ne ko sukari. Motsi ya fi laɓewa.

Saboda haka ina ba ƙungiya shawara biyu. Ta farko, a taro mai zuwa mu fara da tattaki tare bayan sallar asuba, daga ƙofar makaranta mu zaga mu dawo, malamanmu da za su iya su ja gaba kamar da. Ta biyu, mu roƙi 'yan'uwanmu likitoci da ma'aikatan jinya su zo da kayan awo, a duba jini da sukarin duk wanda ya halarta. Wanda kuma ya zo Kaduna yana son ya gwada, sandunana 14 ne, zan ara masa, da sharaɗin sai ya ɗumama jiki tukuna.

Allah Ya ƙara wa malamanmu lafiya da nisan kwana, Ya mai da kowa gidansa lafiya.