Jawabi Ga 'Yan Arewa Mazauna Agege: Hattara da Mararraba Lokacin Aikin Hanya



Wanda ya zauna a Agege tsakanin 2017 da 2021, sa'ad da ake gina gadar sama ta Pen Cinema, ya ga yadda mararraba kan sauya kama: hanyar da aka bi jiya, yau an tare ta, motoci kuma su ɓullo ta inda ba a saba ba. Sabo shi ne haɗarin.

Saboda haka 'yan dako da masu baro, ku duba hagu da dama kafin ku ƙetare. Direbobi, ku bi umurnin mai ba da hannu, ku rage gudu da dare, gama ba kowane rami ke da fitila ba.

Iyalanmu suna can gida suna jiran aike. Allah Ya kiyaye.