MIKIN DA IDO BA YA GANI

Jawabin da Ma'aikacin Watsa Labarai ya yi wa Hakimai da Malamansu na ƙasar Gumel

Ni ɗanku ne, ban isa in koya muku riƙon jama'a ba. Saƙo ne aka ba ni in isar, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku.

Maganar kuwa ta yara ce waɗanda aka cuta, watau wanda aka yi wa dukan kawo wuƙa, da wadda aka yi wa fyaɗe, da wanda aka sace, da wanda aka zub da jini a gaban idonsa. Raunin jikinsu yakan warke cikin 'yan makonni, amma akwai wani miki da yakan saura a zuci. Shi ma ciwo ne, yana kuwa da magani.

GIRMAN AL'AMARIN

A shekarar 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da taimakon UNICEF, ta bi Nijeriya tana bincike. Aka tarar cikin yara 10, wajen 6 an taɓa cin zalinsu kafin su cika shekara 18. Cikin 'yan mata 4 an ci mutuncin 1 ta hanyar lalata, cikin yara maza 10 kuma 1. Waɗanda suka sami taimako kuwa ba su kai 5 cikin 100 ba. Galibi mai laifin ba baƙo ba ne, wanda yaron ya sani ne.

Duk mun ji labarin Ƙanƙara ta Jihar Katsina, inda aka kwashe ɗalibai fiye da 300 ran 11 ga Disamba na shekarar 2020, aka sako su bayan kwana shida. Irin wannan duniya takan ji. Wanda ba a ji shi ne na cikin gida da na kango da na bayan kasuwa. Ku dubi Maigatari ran Alhamis, yadda takan cika da baƙi daga Nijar da kudu, 'yan talla da almajirai suna ratsa taro har dare, ba babba tare da su.

YADDA MIKIN YAKE

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. To, ciwon ke nan. Allah ya halicci jiki da shirin gudun haɗari: zuciya ta buga, numfashi ya yi sama, gaɓoɓi su ɗaure. Ga yaron da aka cuta, shirin nan yakan ƙi kwanciya ko da haɗarin ya wuce. Wata murya, ko wani ƙamshi, ko wani lungu, sai su mai da shi cikin abin kamar yanzu ake yi.

Saboda haka za a ga yana firgita cikin barci. Wanda ya daina fitsarin kwance ya koma yi. Mai surutu ya yi shiru, mai haƙuri ya zama mafaɗaci, mai ƙoƙari a makaranta ya kasa riƙe karatu. Wata ta ƙi a aike ta wani gida, ta kasa faɗin dalili. Sau da yawa akan ce iskoki ne, ko taurin kai, har a ƙara masa da bulala. Ruwa ba ya tsami banza. Kadan halin yaro ya juye farat ɗaya, a bincika.

Yara da yawa sukan murmure da kansu in sun sami kwanciyar rai a gida. Amma in alamun nan sun wuce wata guda ba sauƙi, lalle a nemi masana.

MAGANIN

Maganin da aka fi jarrabawa ba allura ba ne, ba ƙwaya ba. Zama ne da hira bisa tsari, wanda waɗansu masana uku na Amurka suka shirya, watau Judith Cohen da Anthony Mannarino da Esther Deblinger. Akan zauna sau ɗaya a mako, kamar sau 12 zuwa 16, da yaron da kuma uwa ko uba ko mariƙin da ba shi da hannu cikin cutar.

Da fari akan fahimtar da su cewa abin da yaron ke ji ba hauka ba ne, ba kuma laifinsa ba ne. Sa'an nan a koya masa jan numfashi a hankali da sake jiki, don ya iya kwantar da kansa in tsoro ya taso. A koya masa kiran abin da ke ransa da sunansa, ko tsoro ne, ko kunya, ko fushi. Sai ya ƙware da waɗannan tukuna za a sa shi ya ba da labarin abin da ya faru, kaɗan kaɗan, da baki ko da zane, har ya iya tunawa jikinsa bai ɗauki rawa ba. Cikin haka ake gyara mugun zaton da ya ɗora wa kansa, kamar cewa shi ya jawo, ko ya lalace ke nan. Daga ƙarshe ya faɗa wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa labarin, su kuwa an riga an shirya su yadda za su ji ba kuka ba faɗa.

Kada a ce wannan sai ƙasar Turawa. A Lusaka ta Zambiya an jarraba shi kan yara 257, aka buga sakamakon a 2015. Masu ba da shi ba likitoci ba ne, mutanen gari ne aka horar, ana duba aikinsu. Alamun ciwon suka ragu da wajen kashi 82 cikin 100 ga waɗanda aka yi wa, ga sauran kuwa kashi 21 kaɗai.

AIKINKU

Ba a ce Hakimi ya zama likita ba. Amma zaurenku ne ƙofar farko, abin da aka yi a nan kuwa shi ke buɗe hanyar magani ko ya toshe ta.

1. A raba yaron da wanda ake zargi tun ran nan. Ba ya warkewa yana kwana gida ɗaya da abin tsoronsa.

2. In fyaɗe ne, a kai asibiti nan da nan, kada a jira taron dangi. Maganin da ke tare ƙanjamau sai cikin awa 72 yake aiki, watau kwana uku. Akwai Babban Asibiti a Gumel, a Dutse kuma akwai cibiya musamman ta waɗanda aka yi wa fyaɗe.

3. Kada a tsai da yaro gaban fada ana yi masa tambaya. Mutum ɗaya da ya yarda da shi ya saurare shi a keɓe, mace ga 'ya mace. Kada a ce masa "Me ya kai ka?"

4. Malam ya rubuta rana da sa'a da wuri da kalmomin yaron yadda ya faɗa, ba ƙari ba ragi, don kada a yi ta sa shi maimaitawa. Takardar ta zauna a kulle, sunan kada ya fita.

5. A sanar da 'yan sanda da ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. A 2021 Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa hannu kan dokar hana cin zarafin mutane da dokar kare yara ta Jihar Jigawa. Fyaɗe shari'ar kotu ce.

6. Bayan wata guda a aiki Dagaci ko Mai Unguwa ya dubo: yaron yana barci? Ya koma makaranta?

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyi, ku gafarce ni. Za a zo muku da dattawa ana roƙon a kashe maganar, a biya kuɗin magani, a rufa asiri saboda zumunci ko saboda auren yarinya nan gaba. Sulhu alheri ne a rikicin gona da na bashi. A nan kuwa manya ne ke shiryawa, yaron ya koma gida da mikinsa, ya kuma gane ba mai tsaya masa, mai laifi ya nemi na gaba. Asirin da ya wajaba a rufa na yaron ne, ta hanyar ɓoye sunansa, ba na wanda ya cuce shi ba.

Ɗa na kowa ne, amma amanarsa tana wuyan mai ƙasa. Iyakar saƙona ke nan. Allah ya taimaki Sarki, ya ja zamaninku, ya raya mana zuriya. Amin.