Yaron da Ke Magana da Bakin Talabijin



Za ku tuna lokacin da muke aji, mun sha haddace karatu tun ba mu san ma'anarsa ba, sai daga baya ganewa ta zo. To, akwai yaran da ta haka suke koyon magana ɗungurungum, wato wasu daga cikin masu lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Sai ka ga yaro bai iya cewa a ba shi ruwa ba, amma yana zuba tallar rediyo ko zancen 'yan wasan talabijin tiryan-tiryan, har da karin muryarsu.

Tun 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana wannan maimaici cikin bayaninsa kan yara 11. Zancen mutane yana da sauri, kullum kuma yana sauyawa. Fim kuwa ko sau ɗari aka maimaita shi, yadda yake jiya haka yake yau. Sai yaron ya ɗauki jimla sukutum, ya haɗa ta da halin da ya ji ta a ciki, sannu a hankali ya warware ta kalma-kalma.

Ga misali. Wani yaro Ba'amurke, Owen Suskind, ya daina magana yana ɗan shekara 3, ba abin da ya sa gaba sai finafinan Disney. Wata rana mahaifinsa ya ɗauki 'yar tsanar akun nan na fim ɗin Aladdin, ya yi masa magana da muryar akun. Yaro ya amsa! Mahaifin ya rubuta labarin a littafi, wanda ya fito a 2014. Haka kuma a 2019 masana suka ba da rahoton wasu yara a Tunisiya masu Larabcin littafi irin na talabijin, ba na gida ba.

Jama'a, talabijin ba magani ba ce, ba ta kuma maye gurbin uwa da malami. Amma roƙona shi ne, in kun ga irin wannan yaro, kada a ce aljanu ne, kada a ɗauko bulala. A zauna a kalla tare da shi, a gano inda ya samo jimlar da abin da yake nufi da ita, a amsa masa, sannan a kai shi ga likitan yara. Mai maimaita magana yana ƙwanƙwasa ƙofa ne. Mu buɗe masa.