Gilashi Mai Fuska Ɗaya: Ina Ya Kamata Mai Kallo Ya Zauna?

(Jawabin da aka karanta a taron ɗalibai 'yan ƙasar Rano da Kibiya, wanda aka yi a Saji lokacin dogon hutu)



Sa'ad da aka nemi mu yi magana a wannan taro, mun san da yawa sun zaci za mu ɗauko batun taki, ko na hanya, ko na samarin da suka gama karatu suna zaune. To, sai ga shi mun zaɓi wani ɗan ƙaramin abu, wanda watakila wasu za su ce bai isa a tara mutane dominsa ba, watau wurin da ya kamata mutum ya zauna in yana duban allon talabijin ko na kwamfuta. Muna roƙon a saurare mu har ƙarshe, kana a yanke hukunci.

A hutun bara muka shiga wani gidan kallo a nan garin domin mu ga wasan ƙwallo. Ɗakin mai faɗi ne, ba shi da zurfi, an shimfiɗa benci daga bango zuwa bango, an kuma kafa talabijin can sama kusa da rufi don kada yara su taɓa. Ana cikin wasa sai gardama ta kaure tsakanin samari biyu, ɗaya yana tsakiya, ɗaya yana ƙarshen benci jikin bango. Na tsakiya ya rantse ƙwallo ba ta fita layi ba, na gefe ya rantse ta fita, har aka fara kama riguna. Da aka zo maimaita wurin, sai muka tashi muka koma inda na gefen yake. Abin da muka gani ya ba mu mamaki. Ciyawar filin ta koɗe ta yi fari-fari, farin layin ya kusa ɓacewa a cikinta, 'yan wasa kuma duk sun tsuke kamar kara. Babu maƙaryaci a cikinsu. Kuɗi ɗaya suka biya a bakin ƙofa, amma ba hoto ɗaya aka sayar musu ba.

Kafin mu ga laifin mai gidan kallon, sai mu tuna yadda muka koyi kallo. Mu mutanen da'ira ne. Dambe da kokawa da wasan dandali, duk zobe ake yi musu, kowa ya tsaya inda ya samu, kuma kowa ya gani. Da majigi ya zo a zamanin Turawa, farin ƙyalle aka riƙa kafawa a fili, shi kuwa ƙyalle watsa haske yake yi ko'ina, har wanda ya zagaya bayansa yana ganin hoto. Da talabijin ya iso, Ibadan a 1959, Kaduna a 1962, sa'an nan Jihar Kano ta kafa tata tashar a zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, akwatin nan ne mai doro, wanda haskensa ke tashi daga fuskar gilashin kanta, saboda haka na gefe bai yi asara mai yawa ba. A ƙarshen 2007 cinikin talabijin shafaffe na LCD ya wuce na mai doro a kasuwannin duniya, har ya iso ƙauyukanmu, inda muke kiransa filasma ko da ba shi ba ne. Akwati ya sake, amma zamanmu bai sake ba.

To, me ya bambanta wannan gilashi da na da? A 1888 wani masanin tsirrai ɗan Ostiriya, Friedrich Reinitzer, ya lura da wani sinadari da ke tsakanin ruwa da daskararren abu: yana gudana kamar ruwa, alhali ƙwayoyinsa suna jere a tsare. Aka daɗe ba a san amfaninsa ba. Daga baya, a 1970, Martin Schadt da Wolfgang Helfrich, a birnin Basel na Suwizalan, suka gano yadda za a murɗa waɗannan ƙwayoyi su zama ƙofar haske. Shi allon LCD ba ya yin haske da kansa. Akwai fitila a bayansa, a gabanta kuma akwai matatan haske guda biyu, sinadarin yana tsakaninsu. Ƙwayoyinsa dogaye ne kamar tsinke. In aka sakar musu lantarki sai su juya, su buɗe wa haske hanya ko su toshe ta, kuma daga wannan buɗewa da toshewa a ɗigo miliyoyi ne hoto yake fita.

Kowa a nan ya san asabari. In ka tsaya daidai gabansa kana iya hangen wanda ke tsakar gida ta tsakanin tsinkayen, amma in ka durƙusa ka duba daga ƙasa, sai tsinkayen su rufe juna. Haka wannan gilashi yake. An auna ƙofofinsa ne domin hasken da zai fito sak zuwa ga wanda ya fuskance shi. Wanda ya kauce, haskensa ya ratsa ƙwayoyin a karkace, saboda haka abin da ya isa idonsa ba shi ne abin da aka nufa ba.

Iri uku ne suka fi yawa a kasuwa. Na farko shi ne TN, mafi tsufa kuma mafi araha, wanda ya cika ƙananan kwamfutocin cinya masu sauƙin kuɗi. In ka dube shi daga ƙasa sai hoto ya yi duhu, har launuka su juye, in kuwa daga sama ne sai ya koɗe. Na biyu shi ne VA, wanda ake yawan samu a manyan talabijin. Baƙinsa wuluk ne ga na tsakiya, amma launinsa yana wankewa da zarar an matsa gefe, kuma alamu sun nuna irinsa muka gani a daren nan. Na uku shi ne IPS, wanda kamfanin Hitachi na Japan ya fito da shi kasuwa a 1996. Ƙwayoyinsa a kwance suke juyawa, don haka launinsa ya fi jure kallon gefe, ko da yake baƙinsa bai kai na VA ba.

A nan muna so mu ja kunnen masu saye. Za ku ga an rubuta digiri 178 a jikin kwali, watau wai ana gani daga kusan kowace kusurwa. Ba ƙarya aka yi ba, amma ba a faɗi yadda aka auna ba. Yawanci ana ci gaba da ƙirgawa ne har sai farin allon ya zama ya fi baƙinsa haske sau 10 kacal, alhali kuwa wanda ke fuskantarsa sak yana samun wajen sau 1000 ko fiye. Ashe ma'anar lambar ita ce hoto bai mutu ba tukuna, ba wai yana da lafiya ba. Ban da wannan, akwai hukuncin lissafi wanda babu kamfanin da ya isa ya kauce masa: wanda ya kauce digiri 60 daga tsakiya, rabin faɗin allon kaɗai yake gani, ko da wane irin gilashi ne.

Saboda haka amsar tambayarmu ita ce: wuri mafi kyau shi ne daidai gaban allo, ido yana fuskantar tsakiyarsa. In kuwa taro ne, kada a wuce wajen digiri 30 hagu ko dama. Ba sai an nemi ma'auni ba, ƙafa ta isa. Duk taku biyu da ka ja da baya, kana da izinin kauce wa tsakiya taku ɗaya. Mai nisan taku 10 yana iya matsawa gefe taku 5, mai nisan taku 4 kuwa taku 2 ne iyakarsa. Ma'anar wannan ga gidan kallo, ko ajin da aka sa wa talabijin, ita ce a kafa allon a bangon da ya fi ƙanƙanta, a bar tsawon ɗakin ya yi aiki, bencin gaba ya zama gajere, na baya su riƙa ƙara tsawo. In tilas ne a ɗaga allon sama, to a sunkuyar da fuskarsa ta dubi tsakiyar masu kallo. Yaran nan da ake zaunarwa a tabarma ƙarƙashinsa, wuya a tanƙware awa biyu, su suka fi kowa cutuwa, ga hoto mafi muni, ga ciwon wuya.

Ga 'yan'uwanmu da suka fara aikin gwamnati, waɗanda ke wuni a gaban kwamfuta, ƙa'idar ta ɗan bambanta. A ajiye allon nisan miƙa hannu, wajen santimita 50 zuwa 70. Bakinsa na sama ya daidaita da ido ko ya yi ƙasa kaɗan, yadda tsakiyarsa za ta sauka digiri 15 zuwa 20 ƙasa da ido. Dalili kuwa, mai kallon allo yana rage ƙifta ido ba tare da ya sani ba, in kuma yana duban sama ne, idon ya fi buɗewa, ya fi saurin bushewa, balle a lokacin hunturu da ƙurarsa. Taga ta kasance a gefe, ba a gaba ko a baya ba. Bayan kowane minti 20 a ɗaga kai a dubi wani abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. Wannan ba ya cin kwabo.

Amma abin da ya fi damunmu shi ne ƙannenmu. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta daina ta takarda. Yaro daga Saji, ko Rurum, ko Kibiya, wanda ya sha karatu da fitila, yana iya zama ranar jarrabawa ce karo na farko ko na biyu da zai zauna gaban kwamfutar cinya. Ya tarar wanda ya tashi, dogo ne, ya tura murfin baya. Shi kuwa gajere ne, yana kallo daga ƙasa, allon ya yi masa duhu, siraran layukan zanen lissafi sun ɓace. Tsoro ba zai bar shi ya taɓa kayan gwamnati ba, kunya ba za ta bar shi ya ɗaga hannu ba. Sai ya ƙura ido yana ɓata lokaci, alhali jawo murfin da yatsa biyu ya isa. Mu da muka riga su shiga jami'a, wane uzuri gare mu in ba mu zaunar da su mun nuna musu wannan ba tun a gida?

Daga ƙarshe, a cikinmu akwai waɗanda gobe za a ɗora wa rubuta takardar sayen kaya domin makarantu da ofisoshi. Muna roƙonku kada ku rubuta girman allo da farashi kaɗai. Ku rubuta irin gilashin. In mutane da yawa ne za su duba tare, ku nemi IPS. Ranar karɓar kaya kuma kada a yi cinikin biri a sama: a kunna, ku tsaya a tsakiya, ku koma gefe, ku durƙusa, ku miƙe, ku ga abin da yaron ƙarshen benci zai gani. Araha ba ta ado, kuma wanda zai biya bambancin ba ya cikin ɗakin da ake sa hannu.

Mun koma wurin mai gidan kallon nan kafin hutu ya ƙare. Ya saurare mu da kyau, ya ce shi tunda ya buɗe bai taɓa zama a gefe ba. Washegari muka taya shi mayar da talabijin ɗaya bangon, muka juya benci, aka sa ɗan katako a bayan allon ya sunkuyar da shi. Aikin bai kai awa ɗaya ba. Gardama dai ba ta ƙare ba, domin masu ƙwallo ba su rabuwa da ita, amma yanzu a kan abu ɗaya suke yinta.