Kafin Ku Hau Dutsen Mambila

Matasanmu suna shirin tafiyar kwana 3 zuwa Mambila a Jihar Taraba, bakin iyakar Kamaru, su ga garin Gembu da gonar shayi ta Kakara. Ga shawarata gare ku, 'ya'yana.

Ku tafi da rani, domin da damina hanya tana da santsi. Daga Jalingo za ku bi ta Bali. Ku kwana a Serti, ku tambayi lafiyar hanya, ku hau dutsen da safe. Hawan daga Mayo Selbe yana da lanƙwasa da yawa, sai direba ya duba birki tukuna.

Can sama akwai sanyi ƙwarai, ku ɗauki bargo. Kowa ya riƙe katin shaidarsa, kada wani ya ƙetare iyaka ba takarda.

Allah ya kai ku lafiya.